Ƙwallon da Matin Ya Saki

Mutumin farko da ya yi mini Hausa a Jidda shi ne mutumin farko da ya cuce ni. Ina saukowa daga jirgin ruwan Bor Sudan, jiri bai gama sakina ba, sai ga shi da babbar riga wankakkiya da carbi, yana ta sannu da zuwa kamar gida ɗaya muka tashi. Ya ce sunansa Alhaji Tanimu, ba shi da aiki sai taimakon 'yan gida. In ba shi fasfona da ɗan abin da ya rage a lalitata, kafin Juma'a ta zagayo zai fito mini da iƙama, takardar zaman da in babu ita a ƙasar nan, to kai da ɓera ɗaya kuke. Ya kwatanta mini ofishinsa a Ammariyya. Da na je, shagon wani wanzami na tarar. Wanzamin ya dube ni ya ci gaba da askinsa, don ba ni ne na farko da ya zo tambaya ba. Wannan a farkon shekarun saba'in ne.

Daga nan sai unguwar Nuzla. Wata dattijuwa, Hajja Kaltume, Bahaushiyar Sudan mai sayar da ƙosai da gyaɗa, ita ta tsince ni a bakin masallaci ina zaune kamar kayan wanki. Ta ba ni kusurwa a saman soronta, ba ta tambayi ko sisi ba. Hausarta rabi Larabci ce, sai na kasa kunne sosai nake tsintar ta. Abu ɗaya ta nanata mini: "Ya waladi, in ka hango motar jawazat, kada ka gudu, kada ka tsaya. Shige masallaci." Jawazat su ne masu kamen marasa takarda, su tara su, su mayar da su inda suka fito. Ni kuwa komawa Zariya hannu rabbana, bayan mahaifiyata ta sayar da gonar da ubana ya bari don tafiyar nan, gara a ce teku ta cinye ni.

Na shiga dakon siminti a bakin tashar jiragen ruwa. Gumi ya haɗu da siminti ya ci mini kafaɗa har ta yi kanta. Ba abin da ya fi damuna irin rashin ruwan sama. Sai in kwanta in riƙa tuno ƙamshin ƙasa in hadari ya sauka a Tudun Wada, da tuwon dawar mahaifiyata da miyar kuka, in ji kamar in yi ihu.

Wata Juma'a bayan an sauko, ina yawon rage zafi ta wajen Mahjar, na fito wani fili fetal, ƙasarsa fari-fari da gishiri. Sai ga mutane cikin fararen kaya suna kurket. Na tsaya cak. Wasan nan na san shi tun ina sakandare, wani malaminmu Bature ya koya mana, kuma ni ne mai jifan makaranta har rasuwar ubana ta fitar da ni daga aji. Ga wanda bai sani ba: ana kafa turaku uku, mai bugu ya tsaya gabansu da faffaɗar sanda yana kare su, mai jifa ya sheƙo a guje ya sako masa ƙwallo mai tauri kamar dutse. In ƙwallon ya doki turaku, mai bugu ya fita. In ya taɓa sandarsa ya tashi, wani daga cikin mutanen mai jifa ya cafe kafin ya taɓa ƙasa, nan ma ya fita. Mai jifa da ƙarfi irina, yawancin cinsa ta wannan hanya ta biyun ce. Wato kai ke shan wahalar, amma abincinka yana hannun wasu.

Ƙwallo ya gangaro har inda nake. Na ɗauka na wurga shi miƙe, ya faɗa cikin safar hannun mai tsaron bayan turaku ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Wani siririn mutum ne, baƙi-baƙi, mai ɗan gemu. Ya dubi ƙwallon, ya dube ni, ya yafuto ni. Da aka tashi suka ba ni in gwada, suna ta dariya, wai takruni zai yi jifa. Haka suke kiran duk baƙar fatar da ya fito daga wajenmu. Jifana na farko ya tumɓuke turken tsakiya ya yi adungure da shi. Dariyar ta ɗauke.

Ƙungiyar ta wani kamfanin sauke kayan jiragen ruwa ce. Manajansu Bature ne, ana ce masa Mudir, kuma mayen kurket ne. 'Yan wasan duk ma'aikatansa ne, wannan akawu, wancan mai sito, amma kowa ya san ba don biro aka ɗauke shi ba. Aikinsu na gaskiya shi ne su ci sauran kamfanoni ranar Juma'a. Mudir ya sa aka ba ni shara da jera kaya a sito, ya ce in kakar wasa ta ƙare lafiya, Kyaftin ɗin ƙungiyar kuma ya ce yana so na, kamfani zai zama kafilina, wato mai tsaya mini gaban hukuma, ya fitar mini da iƙama, har a nema mini sabon fasfo. Ranar Hajja Kaltume har guɗa ta yi.

Kyaftin ɗin sunansa Rashid, mutumin Lahore, doguwar fuska, gashin baki kamar an zana da tawada. Shi ke jan mu salla a gefen fili. Kafin zuwana, ƙungiyar nan ba ta cin kowa, don junansu suke ci. 'Yan Lahore ba sa ga maciji da 'yan Karachi, Indiyawan cikinsu suna gefe da nasu tsegumin, in an tashi wasa kowa ya kama gabansa. Abu ɗaya kawai suka yarda da shi gaba ɗaya, shi ne tsanar siririn nan da ya yafuto ni. Sunansa Matin, Babangale ne, kuma bai daɗe ba ƙasarsu ta ɓalle daga Pakistan bayan yaƙi. Maci amana suke ce masa a gabansa. Sun bar shi ne kawai don duk Jidda babu mai hannunsa a bayan turaku.

To ina zuwa sai Matin ya samu sauƙi, kayan suka dawo kaina. Ni ne mai ɗauko tabarmar igiyar kwakwa da ake shimfiɗawa a tsakiyar fili, abin da ƙarti uku ke ɗauka a da. Ni ne mai cika tulun ruwa, amma ba ni sha da kofin da kowa ke sha, wani gwangwanin madara aka huda aka ɗaure mini da zare a jikin motar kamfani. A sahu, wanda ya tsaya kusa da ni sai ya bar tazarar da akuya za ta wuce. Musulmi fa, alƙibla ɗaya, tafiyar awa guda zuwa Ɗakin Allah! Duk wannan na shanye, mai nema ba ya fushi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sakin ƙwallo. In yi gudu cikin ranar nan, in yi jifa har kafaɗata ta yi ƙara, ƙwallo ya taɓa sanda ya tafi hannun mutum salin-alin, sai ya bar shi ya faɗi, ya dubi rana wai ita ta kashe masa ido. Akwai wani ƙato mai tumbi, Salim, shi kullum bayansa ne ke ciwo in nawa ne ya nufo shi. Sai su dubi juna su yi murmushi, ɗan Lahore da ɗan Karachi, mutanen da ko sallamar juna ba sa amsawa a da.

Matin ne kaɗai bai taɓa sakin nawa ba. Da Turancinsa da nawa da guntun Larabci muka fahimci juna. Garba bhai yake ce mini, wato ɗan'uwa. Ya koya mini alamu: in ya shafi gwiwarsa ta dama, in jefa ta waje don ƙwallon ya lashi gefen sanda ya zo masa, in ya taɓa hularsa, in nufi turaku kai tsaye. Daga bayan mai bugu yana ganin abin da ni ba na gani, yadda mutum ke ajiye ƙafa, da inda tsoronsa yake. Na daina tunani ma, abin da ya nuna shi nake yi. Da yatsana ya tsage saboda ɗinkin ƙwallo, shi ya jiƙa mini shi a ruwan gishiri ya naɗe. In an zauna cin abinci, su can a inuwar mota, mu biyu a gindin wata katanga, yakan raba shinkafarsa da kifi biyu ya tura mini rabi. Yaji kamar wuta, ina ci ina hawaye yana dariya. Ya nuna mini hoton 'ya'yansa mata, ni kuma na ba shi labarin Zariya. Wallahi na ƙaunaci mutumin nan kamar cikinmu ɗaya.

Muka fara ci. Juma'a bayan Juma'a, jifa nawa, cafewa ta Matin. Kuma abin mamaki, sauran ma suka gyaru. Masu bugu suka fara kiran juna da kyau in za su yi gudun tara maki tsakanin turaku, aka daina zagin juna, har aka fara zama tare bayan wasa ana shan shayi. Hirar kuwa tawa ce: yadda nake tafiya, yadda nake cin abinci, wai warin jikina. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ranar da Salim ya zubar da ruwan gwangwanina da ƙafa ina cikin alwala, haƙurina ya ƙare. Washegari na shiga ofishin Mudir na zazzage masa komai, har sakin ƙwallon. Na zaci zai yi mamaki. Ko gezau. Ya ce duk ya sani, yana zaune a kujerarsa bakin fili yana gani. Ya ce a ƙasarsu ya yi wasan nan na kuɗi yana saurayi, ya ga gwanaye goma sha ɗaya sun sha kashi a hannun 'yan tsaka-tsaki goma sha ɗaya, don waɗannan suna da abin da ya haɗa su, waɗancan babu. Ya ce ba ruwan wasa da ko mene ne abin, so ne ko ƙi ne, in dai ya haɗa.

"Kafin ka zo, kowace Juma'a sai na raba faɗa," in ji shi. "Yanzu suna da kai. Me zai sa in taɓa abin da ke aiki?"

Na tambaye shi iƙamata fa. Ya ce gurbi ɗaya hukuma ta ba kamfani bana, kuma shi ba ya shiga zaɓen Kyaftin, don ƙungiyar da manaja ke yi wa kyaftin katsalandan ba ta zuwa ko'ina. Na fito na koma sito. A gida muna cewa tsintsiya maɗaurinki ɗaya, ana faɗa da alfahari. Ban taɓa tunanin yadda igiyar ke ji ba sai ranar.

Ana saura 'yan makonni kaka ta ƙare sai ga wani saurayi, Imtiyaz, ƙanin matar Kyaftin. Da bizar umra ya shigo ya maƙale, shi ma ba iƙama. Wai mai jifa ne. Jifansa kuwa ko kaza ba zai kora ba. Na gaya wa Matin tsorona, ya ce in kwantar da hankalina, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, ko kuma abin da ya yi kama da haka a yarensu. Ya ce in muka ci wasan ƙarshe da hannuna, ko Rashid ba shi da bakin cewa ba ya so na a gaban Mudir. Amma na lura a 'yan kwanakin nan ya rage dariya, kuma sau biyu na hango Kyaftin ya ja shi bayan sito suna magana.

Wasan ƙarshe da wani kamfanin gine-gine muka yi, wanda ya ci shi ke ɗaukar kofi. Jama'a sun cika gefen fili, har da 'yan Nuzla da Hajja Kaltume ta turo su ga ɗanta, ko da yake ba su san kan wasan ba. Mu muka fara bugu, muka tara abin da muka tara. Da suka shigo na yi jifan da ban taɓa yi ba a rayuwata. Na bar dogara da kowa sai turaku da Matin. La'asar sakaliya ta yi, saura mutum ɗaya mu fitar mu ci, su kuma saura maki kaɗan su kamo mu. Wanda ke gabana gwaninsu ne, wani mutumin ƙasar Silon da ya hana mu sakat tun azahar.

Na koma inda nake faro gudu, na juyo. Matin ya shafi gwiwarsa ta dama. Na sheƙo na sake shi ta waje, daidai inda ya nuna. Mutumin ya kai sanda, ƙwallon ya lashi gefenta, ƙas, kowa a filin ya ji. Ya tafi wurin Matin daidai ƙirji, irin wanda yake cafewa ko yana barci. Ya shiga safar hannunsa. Na riga na ɗaga hannuwana sama. Sai na ga ya buɗe tafukansa, a hankali, kamar mai sakin tantabara. Ƙwallon ya faɗi gabansa ya gangara.

Ba kuskure ba ne. Na yi wata da watanni ina kallon hannuwan nan, na san kuskurensu na san ganganci. Na tsaya a tsakiyar tabarma ina dubansa, shi kuwa ya sunkuya yana gyara igiyar takalminsa.

Da jifana shida suka cika, adadin da mai jifa ke yi kafin a canja hannu, Kyaftin ya karɓi ƙwallon ya ce da ƙarfi, yadda Mudir zai ji daga kujerarsa, takruni ya gaji, ya tura ni can bakin iyaka. Da aka juyo ya miƙa wa Imtiyaz. Yaron ya sako wani jifa lagwani, mutumin Silon ya ɗaga sanda ya narka masa duka, ƙwallo ya tafi kamar harsashi. Sai ga Salim, Salim mai ciwon baya, ya tashi sama da tumbinsa da komai ya cafe da hannu ɗaya, ya faɗo ya yi birgima cikin gishiri. Shi ke nan, mun ci.

Zo ka ga murna. Suka ɗaga Imtiyaz a kafaɗa. Ɗan Lahore ya rungumi ɗan Karachi, Indiyawa suna ta tafi. Na ga Kyaftin da kansa ya jawo Matin cikin da'irar, ya dafa kafaɗarsa, ya zuba masa shayi a kofin da kowa ke sha. Gaskiya ƙungiya ce, ba ƙarya, ban taɓa ganin mutane sun zama abu ɗaya kamar su a yammacin nan ba. Ni kuwa na naɗe tabarma na kai mota.

Ban ma samu na ji hukuncin daga bakin Kyaftin ba. Ranar Asabar da hantsi ina shara a sito motar jawazat ta tsaya a ƙofa. Ba su tambayi takardar kowa ba, Imtiyaz yana zaune a kan buhu yana kallonsu. Kai tsaye suka ce ina takrunin. Masallaci mafi kusa yana tsallaken titi, ko ƙofa ban kai ba. Suka tura ni mota da tsintsiyata a yashe, da takalman wasa a ƙafata, don tun da silifas ɗina suka tsinke su nake sawa ko'ina.

Wurin da ake tara mu kafin a kwashe wani fili ne kusa da tasha, an kewaye shi da waya mai tsayi, rumfar kwano ɗaya ga mutum ɗaruruwa. 'Yan Najeriya, 'yan Nijar, 'yan Chadi, tsofaffi da masu goyo. Ƙasa in rana ta take sai ka ce kaskon tuya. Hajja Kaltume ta zo da ƙafafunta masu ciwo, ta ba wani askari haƙuri har ya karɓi ƙullin ƙosai da zane ɗaya ya miƙo mini. Ba ta ce komai ba sai "Allah karim, ya waladi," tana share ido da gefen mayafi. Na kasa dubanta.

Ana gobe za a kwashe mu aka ce ina da baƙo. Na zo bakin waya sai ga Matin. Kun san zuciya ba ta da kunya. Duk abin da ya yi mini, ina ganinsa sai da na yi murna, na ce a raina Mudir ne ya aiko shi da takarda. Na dubi hannunsa, ba komai.

Ya cire hularsa. Sannan ya ce fasfonsa na Pakistan ne, ƙasar da ba tasa ba yanzu, sabuwar ƙasarsu kuma hukumar nan ba ta san da ita ba tukuna. Rashid ya gaya masa kalma ɗaya zai faɗa a ofishin jakadancinsu a soke fasfon, ya zama ba shi nan ba shi can, 'ya'yansa kuma abin da yake aikawa suke ci. Ya ce an ba shi zaɓi, ko ƙwallo ɗaya ko su.

Na ce, "To da ka bar ni na nufi turaku mana. Me ya sa ka shafi gwiwa?"

Ya ce, "Da ka nufi turaku da ka fitar da shi, Garba bhai."

Ashe zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Rashid bai taɓa cewa yana ƙaunata ba, Mudir ma haka, ba su ci mini amanar komai ba. Wannan da muka ci shinkafa kwano ɗaya, shi ya san inda zan jefa, don shi ya gaya mini. Na ce masa na ji, ya tafi, Allah ya raya masa 'ya'yansa. Amma bai motsa ba. Ya yi ta murza hularsa a hannu, har askari ya daka masa tsawa, yalla, halas.

Sai ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, Kyaftin ne ya aiko shi. Takalman da ke ƙafata na kamfani ne, kuma Imtiyaz zai buga wasan sada zumunci ranar Juma'a, ƙafarsu ɗaya da ni.

Na dube shi, na dubi ƙasar da zan taka. Na tsuguna na kwance igiyoyin, na tuɓe, zafin ƙasa ya ratsa tafin ƙafata har ƙwaƙwalwa. Ramukan wayar sun yi ƙanƙanta, takalmi ba zai wuce ba. Na ja da baya na wurga su ta sama da duk ƙarfin da ya rage a kafaɗata, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da na duba inda za su sauka ba, ɗaya ya yi dama ɗaya ya yi hagu.

Ya cafe duka biyun. Ko ɗaya bai taɓa ƙasa ba.